Biza Ta Kawo Su, Me Zai Zaunar da Su?

A tsakiyar shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da jiragen sama cak, otal-otal suka zama kufai, gwamnatin Barbados ta ɓullo da wata dabara. Firaminista Mia Mottley ta yi shela cewa duk mai aikin da ake iya yi ta kwamfuta, wanda ke sa ran samun dala 50,000 a shekara, ya zo ya zauna a tsibirin tsawon wata 12. Kuɗin takarda dala 2,000 ne ga mutum ɗaya, dala 3,000 ga mai iyali, kuma Barbados ba za ta cire ko sisi daga albashinsa da sunan haraji ba. A watan Agustan shekarar Istoniya ta buɗe irin wannan biza, Dubai da tsibirin Moris suka biyo baya a Oktoba, Kuroshiya ta shigo sahu a Janairun 2021. Daga nan abin ya zama yayi. Yau ƙasashen da ke da wani nau'i na bizar masu aiki daga nesa sun haura 50, daga Kosta Rika zuwa Namibiya, daga Girka zuwa Japan.

Lissafin da gwamnatoci suka yi ba shi da sarƙaƙiya. Ga mutum da albashinsa ke fitowa daga wata ƙasa, amma a nan zai kashe shi. Ba zai ƙwace wa ɗan ƙasa aiki ba, tun da da aikinsa ya zo. Ba a kashe ko kwabo wajen karatunsa ba. Zai kama haya, ya ci abinci, ya hau mota, ya kai kaya wanki, kuma maimakon mako guda da ɗan yawon buɗe ido kan yi, shi watanni zai kwashe. Ga ƙasar da otal-otal ɗinta suka wayi gari babu kowa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ta gaba: zai zauna? Zaman da nake nufi shi ne wanda mutum zai sa ɗansa a makaranta, ya yi rajista da asibiti, ya sayi gida ko ya ƙulla hayar shekaru, ya koyi harshen mutane, ya shiga sahun masu biyan haraji, a dawo bayan shekara goma a same shi. A ganina hakan na yiwuwa, amma ga mutane ƙalilan, kuma yawancin ƙasashen da ke tallata wannan biza ba su yi masa shiri ba. Wasu ma tun a rubutun dokar suka rufe ƙofar da hannunsu.

A ɗauka wata mata ce mai rubuta manhajar kwamfuta, kamfaninta yana Kanada, ta sauka a birnin Split na Kuroshiya da 'yarta mai shekara bakwai. A yadda dokar ta fara aiki a 2021, za a ba ta izinin zama na shekara ɗaya, ba za ta biya harajin albashi ba. Ta kama gida kusa da teku, yarinya ta shiga makaranta, ta yi ƙawaye, ta fara kama harshen har takan gyara wa uwar lafazi in sun je kanti. Ana shiga wata na goma sai uwar ta fara duba kalanda, domin wannan izini ba a sabunta shi kai tsaye. Sai ya ƙare, ta jira wata shida, sannan ta sake cika takarda. A watanni shidan nan ina yarinya za ta yi karatu? Wa zai riƙa biyan hayar gidan da babu kowa a ciki? Ga kuma ƙa'idar Tarayyar Turai, ƙungiyar da Kuroshiya ke ciki, wadda ta ce wanda ba ɗan ƙungiyar ba sai ya yi shekara biyar a jere yana zaune bisa doka kafin ya cancanci izinin zama na dogon lokaci. Wanda ake katse wa zama a tsakiya ba zai taɓa haɗa biyar ɗin ba. Matar nan ko kujera mai tsada ba za ta saya ba, balle gida, kuma ba wanda zai ga laifinta.

Japan ta fito da tata a Afrilun 2024: wata shida kacal, sai mai samun yen miliyan 10 a shekara, sai kuma 'yan ƙasashen da ta zaɓa. Wannan fa ƙasa ce da yawan al'ummarta ke raguwa kowace shekara, ƙauyukanta cike da gidajen da masu su suka mutu ko suka ƙaura, duk da haka iyakar abin da ta yarda ta bayar ke nan. Tailan a Yulin 2024 ta kawo biza mai aiki na shekara biyar, amma kowace shiga kwana 180 ce, a ƙara sau ɗaya, daga nan mutum ya fita ya sake shigowa.

Da gangan aka tsara su haka. Shigowar baƙi batu ne mai zafi a siyasar kusan kowace ƙasa. Ministan da ya ce zai kawo masu kashe kuɗi na ɗan lokaci ba zai sha suka ba. Wanda ya ce zai kawo mutanen da wata rana za su nemi zama 'yan ƙasa, su kaɗa ƙuri'a, su tsufa a asibitocin gwamnati, shi ne zai tsaya gaban majalisa yana amsa tambayoyi. Shi ya sa a wurare da dama hukumar yawon buɗe ido ce ke tallata shirin, da hotunan bakin teku da faɗuwar rana. An gina shirin a kan cewa baƙo raɓa ne, in rana ta fito zai bushe.

Akwai waɗanda suka bar ƙofar a buɗe. Fotugal a Oktoban 2022 ta kawo biza da ke kai mutum ga izinin zama na shekara biyu, ya sabunta, bayan shekara biyar ya nemi na dindindin. Sifaniya ta sa nata a cikin dokar tallafa wa sababbin kamfanoni da aka amince da ita a ƙarshen 2022: izinin shekara uku, ana sabuntawa, shekarun kuma suna shiga lissafin biyar ɗin nan. Wanda ya cika sharuɗɗa na iya biyan harajin kashi 24 cikin ɗari a kan samun da bai wuce Yuro 600,000 ba, na tsawon 'yan shekaru. A irin waɗannan ƙasashe ne za a ce an gwada abin da gaske. To amma ko a nan da sauran rina a kaba, domin ma'aikaci ba shi kaɗai ke da ta cewa ba. Akwai mai biyan sa albashi.

Wannan ɓangaren ba a cika sa shi a talla ba, alhali shi ya fi kowanne sare wa mutane gwiwa. A dokar ƙasashe da yawa, wanda ya kwana 183 a cikin shekara guda ya zama nasu ta fuskar haraji, suna da haƙƙi a kan abin da ya samu ko daga ina ya fito. Wannan a wuyan ma'aikaci yake. Kamfaninsa ma bai tsira ba. Idan mutum yana zaune a wata ƙasa yana ƙulla ciniki da sunan kamfani, ko yana jagorantar wani sashe daga teburin ɗakinsa, hukumar harajin ƙasar na iya cewa kamfanin ya kafa reshe a can ko da bai kafa allo a ƙofa ba, sai ya biya haraji a kan ribar da ta biyo ta hannun mutumin. Ga kuɗin fansho da inshorar lafiya da doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata: a asusun wace ƙasa za a zuba? In aka zo sallama, dokar ƙwadagon ina za a bi, ta inda kamfani yake ko ta inda ma'aikaci ke kwana? Ga bayanan abokan ciniki, waɗanda wasu dokoki suka taƙaita fitar da su zuwa ƙetare.

Sai ma'aikaci ya tura wa sashen kula da ma'aikata saƙo cewa yana son komawa birnin Balensiya na Sifaniya da zama, bizarsa ta fito, aikin ba zai canja ba. Saƙon ya je wajen lauyoyi, ya je wajen masu lissafin haraji, bayan makonni amsa ta dawo cikin ladabi: an yarda ka yi 'yan makonni a shekara daga waje, fiye da haka sai dai ka ajiye aiki mu riƙa ba ka kwangila. In ya karɓi kwangila, ya rabu da hutun da ake biya, da inshora, da kariyar da doka ta ba ma'aikaci ranar sallama. Akwai kamfanoni irin su Deel da Remote da ke shiga tsakani, su ɗauki mutum aiki a takarda a ƙasar da yake zaune, su biya duk abin da doka ta ce, su caji kamfaninsa na asali kuɗi kowane wata. Sun sauƙaƙa lamarin, sai dai ƙarin kashe kuɗi ne da ba kowane kamfani zai ɗauka saboda mutum ɗaya ba.

Ko a cikin Tarayyar Turai, inda maƙwabta suka daɗe da yarjejeniyoyi a tsakaninsu, sai a Yulin 2023 wasu ƙasashe suka fara aiki da tsarin da ya yarda mai aiki daga gida a ƙetaren iyaka ya ci gaba da zama a asusun fanshon ƙasar kamfaninsa, muddin aikin gidan bai kai rabin lokacinsa ba. Idan maƙwabta a rabin lokaci suka tsaya, ina ga wanda ya tsallaka teku gaba ɗaya? Amurkawa kuma, waɗanda albashinsu ya sa aka fi kwaɗayin zuwansu, ƙasarsu na bin su da takardar haraji duk inda suke a duniya, saboda Amurka tana ɗora haraji a kan ɗan ƙasa ko ba ya zaune a gida. Akwai rangwame da ke hana a biya sau biyu, amma cika takardu a ƙasa biyu kowace shekara ba ya faɗuwa.

Sannan mai biyan albashi yana iya sauya ra'ayi ranar da ya ga dama. Tun a Mayun 2020 Mark Zuckerberg ya gaya wa ma'aikatan Facebook cewa wanda ya ƙaura zuwa wuri mai sauƙin rayuwa za a daidaita albashinsa da wurin. Kamfanin Amazon ya umarci ma'aikatan ofisoshinsa su dawo kwana biyar a mako daga Janairun 2025. Yawancin abin da ake kira aiki daga gida a yau haɗe yake, kwana biyu ko uku a ofis, sauran a gida, kuma mai zuwa ofis ranar Talata ba zai zauna a wata nahiya ba. Ga bambancin lokaci. Mai zaune a Bankok ta Tailan da abokan aikinsa ke New York, safiyarsu darensa ne. Saurayi zai iya jure wannan wata uku. Magidanci mai kai yara makaranta da safe ba zai jure shekara goma ba. In aka tace duk wannan, waɗanda suka rage su ne masu aikin kansu, da masu ƙananan kamfanoni, da wani kaso na ƙwararrun da kamfani ba ya son rasa su. Suna da yawa, amma ba su kai yadda tallace-tallace ke nunawa ba, kuma ƙasashe fiye da 50 ne ke zawarcinsu.

Yanzu a ce sun zo, sun tsallake takardu. Matsala ta gaba daga mutanen gari take tasowa, kuma ina ganin suna da hujja. Sharaɗin bizar Fotugal shi ne mutum ya riƙa samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar. A 2024 mafi ƙarancin Yuro 820 ne a wata, wato sai mai samun Yuro 3,280. Dokar da kanta ta tabbatar cewa duk wanda ya shigo ta wannan ƙofa ya fi akasarin maƙwabtansa ƙarfin aljihu. A sa su a layi ɗaya wajen neman gida a Lisbon. Mai gida yana da mutum biyu a gabansa: wata nas da ke aiki a asibitin gwamnati, tana roƙon a rage mata kaɗan, da wani baƙo da ya ga kuɗin hayar bai kai rabin abin da yake biya a garinsu ba, har ya ce zai ba da na wata shida a dunƙule. Ba sai an tambayi wa zai samu makulli ba. Nas ɗin za ta koma bayan gari, ta riƙa tashi da asuba tana bin jirgin ƙasa.

A kan wannan kuma ga batun haraji. A 2009 Fotugal ta kafa tsarin da ya ba sababbin mazauna masu wasu sana'o'i damar biyan kashi 20 cikin ɗari na tsawon shekara goma, yayin da ɗan ƙasa mai irin wannan samu harajinsa kan kai sama da kashi 40 a matakin ƙarshe. A 2023 dubban mutane suka fito zanga-zangar tsadar gidaje a Lisbon da Porto. A Oktoban shekarar Firaminista António Costa ya sanar cewa za a rufe tsarin ga sababbin shiga daga 2024, yana mai cewa ya zama rashin adalci a haraji kuma yana hura wutar tsadar gidaje. Abin da aka maye gurbinsa da shi ya fi ƙunci, ya karkata ga masu bincike da ƙirƙira. A birnin Meziko ma haka abin ya juya. A Oktoban 2022 gwamnatin birnin, ƙarƙashin Claudia Sheinbaum wadda daga baya ta zama shugabar ƙasa, ta ƙulla yarjejeniya da Airbnb, kamfanin hayar masauki ta intanet, da UNESCO don jawo masu aiki daga nesa. A Yulin 2025 aka yi zanga-zanga a unguwannin Roma da Condesa kan yadda baƙi masu dala ke tura 'yan gari waje, har aka farfasa gilasan wasu shaguna.

Adalci shi ne a faɗa cewa masu aiki daga nesa ba su ne ummul aba'isin tsadar gida a waɗannan birane ba. Shekaru aka yi ba a gina isassun gidaje ba, an mayar da dubban ɗakuna masaukin kwana biyu na 'yan yawon buɗe ido, a Fotugal kuma har da bizar masu zuba jari a gidaje, wadda aka rufe wannan ɓangaren nata a 2023. Amma mai kwamfuta a shagon shan gahawa shi ake gani da ido, shi ne ke magana da baƙon harshe, kuma a kansa fushi ke sauka. Mutum yana jin wannan a jikinsa. Wanda ya fahimci ana kallonsa a matsayin dalilin da ya sa aka tashi tsohuwar maƙwabciya daga gidanta, da wuya ya ce nan zai yi tsufa.

Akwai wani ƙulli a nan da ban ga ƙasar da ta warware shi ba. Abubuwa biyu aka fi jawo mutanen nan da su, arha da sassaucin haraji, kuma duka biyun zuwansu ne ke cinye su. In sun yi yawa haya ta tashi, arha ta tafi. In 'yan ƙasa suka fusata, gwamnati ta janye rangwame. Shi kuwa mai shirin shekara goma ba abin da yake tsoro kamar tufka da warwara a doka. Don haka nake ganin yafe haraji gurguwar dabara ce ga ƙasar da ke son mazauna. Mutumin da ke bin hanyar da aka gina da kuɗin jama'a, 'yan sanda na tsare shi, motar asibiti za ta zo in ya faɗi, amma ba ya zuba komai a asusu, zamansa zai kasance a bakin mutane kullum, kuma duk ɗan siyasar da ke neman ƙuri'a zai same shi a sauƙaƙe. Za a ce in ba a yafe ba, maƙwabciyar ƙasa za ta yafe ta kwashe su. Gaskiya ne, za ta kwashi wasu. Sai dai wanda rangwame kaɗai ya kawo, rangwamen wani wuri zai ɗauke shi baɗi. Wanda ke neman wurin zama ya fi buƙatar a gaya masa a fili nawa zai biya, me zai samu a madadi, kuma ba za a sauya masa magana a tsakiyar tafiya ba.

Jojiya ta nuna yadda cika da watsewa ke saurin faruwa. Ƙasar tana barin 'yan ƙasashe da dama su zauna shekara guda ba biza, tana kuma da harajin kashi ɗaya cikin ɗari ga ƙananan masu sana'ar kansu. Bayan Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, da kuma kiran shiga soja a Satumban shekarar, dubun-dubatar Rashawa suka kwararo, da yawansu ma'aikatan kwamfuta masu albashi daga waje. Tattalin arzikin Jojiya ya haɓaka da fiye da kashi 10 cikin ɗari a shekarar, kuɗin ƙasar ya yi ƙarfi, haya a Tibilisi, babban birnin ƙasar, ta yi tashin gwauron zabo har ɗalibai suka rasa ɗaki. Ba a daɗe ba da yawa daga cikin baƙin suka sake tattara kaya, wasu Sabiya, wasu wasu wurare, wasu suka koma gida. Samun takardar zama mai ɗorewa ya yi musu wuya, ga tsohon ciwon yaƙin 2008 tsakanin Jojiya da Rasha da ya sa mutanen gari ba su sake da su ba. Kuɗi sun shigo sosai, amma ba su sayi zama ba.

Misalin da ya fi ba ni haske ma ba na ƙasa ba ne, na birni ne. A ƙarshen 2018 gidauniyar iyalin George Kaiser ta fara shirin Tulsa Remote a birnin Tulsa na jihar Oklahoma a Amurka: dala 10,000 ga mai aiki daga nesa da ya yarda ya ƙaura can ya yi shekara guda. Mutane fiye da 3,000 suka amsa kira, kuma akasarinsu sun ci gaba da zama bayan shekarar ta cika. Kuɗin kansu ba su kai su riƙe mai babban albashi ba, da kyar za su wuce kuɗin kwasar kaya da hayar 'yan watanni. Abin da shirin ya ƙara shi ne tebur a wurin aikin haɗaka inda mutum zai ga fuskoki kowace safiya, da ma'aikatan da aikinsu shi ne haɗa sabon zuwa da mutane, da tarurrukan cin abinci, da hanyar shiga ayyukan sa kai a gari. Ga kuma gidan da mai matsakaicin samu zai iya saya. Kaɗaici shi ne ciwon mai aiki daga nesa, domin ba shi da abokan ofis da za su zama ƙofarsa ta shiga gari. Tulsa ta gane haka ta kashe kuɗi a kai.

Dole a lura cewa Tulsa ba ta da matsalar biza, ko harshe, ko haraji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ba'amurke ne ya koma wani garin Amurka. Abin da misalin ke nunawa shi ne, ko an share duk shingen doka, sai an yi aiki kafin mutum ya zauna. Ƙasa kuwa aikinta ninki biyu ne, ta share shingen, ta kuma yi wannan hidimar. Tsibirin Madeira na Fotugal ya gwada wani abu makamancin haka a ƙauyen Ponta do Sol daga Fabrairun 2021, da wurin aiki kyauta da mai haɗa jama'a, sai dai mafi yawan masu zuwa baƙi suke tarar da baƙi, abota ta tsaya a tsakaninsu, wata ya ƙare kowa ya kama gabansa.

To su wa ke zama? Waɗanda wani abu ya ɗaure su da wurin bayan kwamfuta. Wanda ya yi aure a can. Wanda yaransa suka shiga makaranta suka fara mafarki da harshen wurin. Wanda ya buɗe ɗan kamfani ya ɗauki 'yan gari biyu aiki. Sama da kowa kuma, ɗan ƙasar da ya tafi ci-rani shekaru, ko 'ya'yansa, wanda aikin nesa ya ba shi damar riƙe albashin waje ya dawo kusa da iyayensa. Wannan ba ya buƙatar biza, ba ya buƙatar mai fassara a asibiti, ba kuma wanda zai kalle shi a matsayin ɗan mamaya. Girka, wadda ta yi asarar dubban ɗaruruwan matasa masu ilimi a rikicin bashin da ya biyo bayan 2010, ta kafa doka a 2020 da ke yafe harajin rabin samun wanda ya dawo da zamansa can ya kama aiki, na tsawon shekara bakwai. Fotugal tana da shirin dawo da 'yan ƙasarta tun 2019, Italiya ma tana da nata rangwamen na masu komowa. Da ni ke ba gwamnati shawara, nan zan ce ta fara zuba ƙarfinta. Ko su ɗin ma abin da zai hana su sake tafiya shi ne abin da ya kore su tun farko: asibitin da za a amince da shi, makaranta, wutar lantarki da intanet da ba sa yankewa ana tsakiyar taro, ofishin gwamnati da ke amsa takarda a kan lokaci, kotun da za ta bi wa mutum haƙƙinsa. Babu ɗaya a ciki da ake yi wa baƙo shi kaɗai. Ƙasar da ta gyara su saboda 'ya'yanta ita ce za ta ga baƙi sun ƙi tafiya.

Wata ƙasa ma tana iya cewa ba jikin mutum take so ba. Istoniya, mai mutane kusan miliyan 1.3, tun Disamban 2014 take ba baƙi katin e-Residency, wanda ke ba mutum damar buɗe kamfanin Istoniya da tafiyar da shi ta intanet ba tare da ya taka ƙasar ba. Fiye da mutum 100,000 sun karɓa. Katin ba izinin zama ba ne, ba a kuma ce shi ne ba. Ƙasar tana samun kuɗin rajista da haraji daga kamfanonin, babu wanda ya ƙara wa ɗan Tallinn, babban birninta, kuɗin haya. Wannan tsari ya burge ni saboda ya faɗi gaskiyar abin da yake nema. Barbados ma, in abin da take so shi ne ɗakunan haya su cika lokacin da masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, ta samu biyan buƙata, ba laifi a ciki. Laifin yana ga gwamnatin da ke kukan ƙauyuka sun zama kango, matasa sun tafi, masu biyan haraji sun ragu, sannan ta kawo bizar shekara guda marar sabuntawa ta ce ta samo magani.

Adadin bizar da aka bayar shi gwamnatoci suka fi son sanarwa, domin shi ke fitowa da wuri kuma yana da daɗin faɗa. Wanda ya fi amfani shi ne adadin waɗanda suka dawo sabuntawa, da yaran da aka sa a makaranta, da waɗanda suka fara zuba kuɗi a asusun fansho na ƙasar. Sifaniya na cikin ƙasashen da za su ba da irin wannan amsa. Waɗanda suka karɓi izinin shekara uku a 2023, wa'adinsu na cika a 2026, sai kowa ya zaɓa ko ya sabunta ko ya tafi. Waɗanda suka sabunta za su kai shekara biyar a 2028, lokacin da doka za ta ba su damar neman zama na dogon lokaci, kuma kusan a daidai wannan lokacin rangwamen kashi 24 ɗin zai fara ƙare musu, su koma biyan abin da maƙwabcinsu ɗan Sifaniya ke biya.